Cinya ko Kujera: Tafiya da Ƙaramin Yaro daga Tsafe zuwa Jidda

Daga watan Rajab har goman ƙarshe na azumi, ofisoshin jirgin yawo a Gusau ba sa rabuwa da magidanci da ya zo yankan tikitin Umara, shi da maiɗakinsa da goyonsu. Wasu Alƙahira suka nufa ganin likita, wasu kuma Abuja kawai za su leƙa wurin dangi. A irin waɗannan gidaje ne wata gardama ta kunno kai a 'yan shekarun nan, wadda iyayenmu ba su san da ita ba. Yaro ɗan shekara ɗaya da rabi, a cinya za a riƙe shi cikin jirgin sama yadda aka saba, ko kuwa a saya masa kujerar nan ta mota mai maɗauri, a yankar masa nasa tikitin, a ɗaure shi a ciki? Galibi mai kawo maganar ƙanwa ce da ke aure a Ingila, ko ɗan'uwan da ya yi karatun likita a waje. Masu ƙin ta kuwa su ne sauran mutanen gidan: kakar yaron, uwar da ɗawainiya za ta hau kanta, da uban da zai ciro kuɗin.

Ƙa'idar kamfanonin jirgi a wannan fanni kusan ɗaya ce ko'ina. Yaron da bai cika shekara 2 ba an yarda a riƙe shi a cinya, kuma a tafiyar ƙasashen waje abin da aka saba caja a kansa kashi 10 cikin 100 ne na kuɗin babba. Ranar da ya cika 2, dole a yanka masa kujerarsa, a kan kuɗin da yakan kai kashi 75 cikin 100, wani lokaci ma cikakken kuɗi. Iyakar ta zo daidai da lokacin yaye a ƙasar Hausa, sai dai ita ranar haihuwar da ke jikin fasfo ta sani. Yaron da ya tashi daga Kano saura mako ɗaya ya cika 2, in ya zo dawowa sai an nema masa kujera, kuma an sha ganin iyaye suna zare ido a gaban kanta a Jidda saboda wannan. Don haka gardamar kashi biyu ce. Akwai ta wanda ba a yaye ba, inda tambayar ita ce a saya masa wuri ko kada a saya. Akwai ta wanda ya riga ya sami wurin zama, inda tambayar ita ce bel ɗin jirgi ya ishe shi ko sai an ɗora masa tasa kujerar a kai.

Masu goyon bayan kujera da hannun uwa suke farawa. Suna cewa komai son da take yi wa ɗanta, damtsenta yana da iyaka. A cikin jirgi komai a ɗaure yake lokacin tashi da sauka: manya a ɗaure, keken abinci a kulle, jakar hannu a tura ƙarƙashin kujera, har butar shayi tana da mazauninta. Abu ɗaya da ake bari a sake shi ne jariri. Kujerun jiragen zamani ana gwada su a kan bugun da ya ninka nauyi sau 16, amma ba a taɓa samun hannun da zai riƙe yaro a irin wannan bugu ba.

Suna da tarihin da suke kafa hujja da shi. Ranar 19 ga Yulin 1989, jirgin United mai lamba 232 ya yi saukar dole a garin Sioux City na Amurka da mutum 296, aka rasa 112. Akwai yara huɗu na cinya a ciki. Bisa ƙa'idar wancan zamani, ma'aikatan jirgin sun umarci iyaye su kwantar da su a ƙasa su danne su. Da jirgin ya daki ƙasa yaran suka suɓuce, ɗaya ya rasu. Shugabar masu hidimar jirgin, Jan Brown, wadda da bakinta ta ba da umarnin, ta shafe shekara da shekaru tana bin majalisa da hukumomi a hana riƙon yara a cinya. Na kusa kuma shi ne na 5 ga Janairun 2024, da wani ɓangaren bangon jirgin Alaska ya ɓalle jim kaɗan bayan tashi daga Portland. Iska ta fizge rigar wani matashi daga jikinsa. Akwai jarirai uku a cinya cikin wannan jirgi, Allah ya sa babu wanda ke zaune kusa da ramin.

Amma hujjarsu mafi ƙarfi gargada ce, domin ita ce ta yau da kullum. Akwai irin wadda take zuwa sama na garau, babu gajimare, na'urar matuƙi ba ta hango ta. Ranar 21 ga Mayun 2024 jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ya faɗa wata mummunar jijjiga a sararin Myanmar. Waɗanda ba su ɗaura bel ba suka tashi sama suka daki rufi, wani dattijo ya rasu, gommai suka ji rauni, sai a Bangkok aka sauka. Idan babban mutum zai bar kujerarsa haka, me ake tsammani ga yaron da uwarsa ta riƙe da hannu ɗaya tana gyangyaɗi?

Wani zai ce ai ana ba da ɗan ƙaramin bel da ake zura shi cikin na uwa. Haka ne, kamfanoni da yawa na Turai da Afirka da ƙasashen Larabawa suna bayarwa, kuma yana hana yaro tashi sama a gargada. Sai dai hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, FAA, ta haramta shi a jiragenta, don gwajinta ya nuna cewa a bugu mai ƙarfi uwa tana nannaɗowa gaba ta matse yaron, bel ɗin kuma a cikinsa yake nutsewa. Turawan Turai suka ce da babu gara ba daɗi. Manyan hukumomi biyu ke nan da suka duba abu ɗaya suka rabu, balle mutanen gida ɗaya a Tsafe.

Akwai kuma hujjar da ba ta shafi haɗari ba, wadda mata suka fi saurin ganewa. Daga Kano zuwa Jidda awa huɗu ne zuwa biyar, in kuma ta Adis Ababa ko Alƙahira aka bi, yini ne sukutum. Riƙon yaro mai kilo 11 a wuri matsattse tsawon wannan lokaci, ba damar cin abinci, ba damar shiga ban-ɗaki sai an roƙi maƙwabciya, aiki ne da ke sauke mace a ƙasa mai tsarki tana ciwon baya tun kafin ta fara ɗawafi.

To, ga abin da ɗaya ɓangaren ke cewa, kuma ba maganar jahilci ba ce kamar yadda wasu 'yan boko ke ɗauka.

Kaka ce ke fara magana, da harshenta na Zamfarawa: "Ɗan da ko yaye ba a yi ba za ku ɗaure? Laihin mi ya yi? Ku da munka goya, wace kujera munka sa ku?" Ana iya yin dariya, amma akwai ilimi a ciki. Yaron Bahaushe a jikin mutum yake tashi. Daga baya sai cinya, daga cinya sai kafaɗar yaya ko goggo. Yaron Bature tun ranar da aka sallamo shi daga asibiti a cikin kujerar ya iso gida, ya san ta, a cikinta yake barci. Namu da bai taɓa ganinta ba, ranar farko da aka danne shi aka ja maɗauri, cikin ƙarar inji da baƙin fuskoki, kuka zai tsala har sai an kwance shi. Ga kunne da ke toshewa lokacin tashi da sauka, wanda babu maganinsa ga ɗan goyo irin nono. Abin da ke faruwa a ƙarshe sananne ne: yaro a cinya, jakar Hajiya a kan kujerar da aka biya kuɗinta.

Uban kuma lissafi yake yi. Tsakanin kashi 10 da kashi 75, ninki bakwai ne da ɗoriya, a lokacin da kuɗin Umarar mutum ɗaya ya zama abin da sai an sayar da sa ko an taɓa jari. Ga kuɗin ita kanta kujerar. Yana tambaya, kuma tambayar tana kan hanya: wane haɗari nake saye da wannan kuɗin? Haɗurran jirgin da mutanen arewa suka riƙe a zuciya biyu ne, na Gwammaja a Kano ranar 4 ga Mayun 2002, da wanda ya ci ran Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo ranar 29 ga Oktoban 2006 jim kaɗan bayan tashi daga Abuja. A irin waɗannan, kujerar roba ba ta da ta cewa. Amfaninta yana cikin wani ɗan siririn tsagi ne, bugun da ya fi ƙarfin hannu amma bai fi ƙarfin jirgi ba, kuma irinsa ba kasafai yake faruwa ba.

Abin mamaki, ita kanta FAA da ke roƙon iyaye su sayi kujera ta ƙi mayar da abin dole. A 2003 wani likitan yara a Jami'ar Kalifoniya, Thomas Newman, shi da abokan aikinsa suka yi lissafi suka gano cewa tilasta kujera a duk jiragen Amurka ba zai ceci ko rai ɗaya cikakke a shekara ba. Idan kuwa tsadar tikiti ta sa ko da iyali 5 zuwa 10 cikin 100 sun fasa jirgi sun hau mota, waɗanda za su mutu a kan titi za su zarce waɗanda aka ceta a sama. A 2005 hukumar ta janye shirin dokar da wannan dalili. Wato jaririn da ke cinya a cikin jirgi ya fi wanda ke cikin mota aminci nesa ba kusa ba.

Sai wahalar ɗauka. Duk wanda ya taɓa bin layin awon kaya a filin jirgin Malam Aminu Kano lokacin Umara ya san yadda hannu ke ƙaranci: ga akwatuna, ga jakar fasfo, ga yaro, ga tsohuwa da ake kamawa. A ƙara wata ƙatuwar kujera da ba ta naɗewa, a ja ta zuwa ƙofar jirgi, a isa can ma'aikaciya ta juya ta ta ce ba ta ga tambarin da kamfaninsu ya yarda da shi ba, a kai ta cikin kaya. Wannan yana faruwa, domin kowane kamfani da nasa sharuɗɗa.

In da gardamar a cikin jirgi za ta tsaya, da na ce masu cinya sun yi rinjaye da ɗan kaɗan ga yaron da bai kai 2 ba, masu kujera kuma sun yi rinjaye ga wanda ya kai. Ɗan shekara 2 zuwa 3 ƙugunsa bai cika bel ɗin manya ba, yana zamewa ta ƙarƙashi, kuma cikin minti biyar zai gano yadda ake ɗaga murfin ƙarfen ya kwance kansa. Tunda an riga an biya wurin, ƙarin wahalar ɗauka ce kawai.

Sai dai tafiyar mutumin Tsafe ba a ƙofar jirgi take farawa ba, kuma a nan nake ganin ɓangarorin biyu duk sun bar jaki suna dukan taiki. Shekara da shekaru maniyyatan Zamfara daga filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar III da ke Sakkwato suka saba tashi. Daga Tsafe sai ka wuce Kwatarkwashi ka shiga Gusau, wajen kilomita 50, sannan ka kama Bungudu, Maru, Talatar Mafara, Tureta, wasu kilomita sama da 200. Mai tashi daga Kano kuwa zai bi Wanzamai da Yankara zuwa Funtuwa, ya ratsa Bakori da Malumfashi da Dayi da Gwarzo. Hanyoyi ne na tirela da tanka, na masu wuce juna a kan kwana, na dabbobi da ke tsallakawa ba sallama. Filin jirgin Gusau da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da aikinsa a 2024 shi ne mai rage wannan nisa, amma ko shi ba ya ɗauke titin Tsafe zuwa Gusau, ba ya ɗauke tasin Jidda zuwa Makka, ba ya ɗauke kilomita sama da 400 na Makka zuwa Madina ga wanda bai hau jirgin ƙasan Haramaini ba.

Lissafin da Amurkawa suka yi na jirgi ko mota ne. Namu kuwa jirgi da mota ne, duka biyun, a rana ɗaya. Hujjar da uban yaro ya kafa cewa titi ya fi sama haɗari gaskiya ce, sai dai ita ce kuma ta juyo ta kama shi.

Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa, in ta daki abu ta tsaya cikin rabin mita, duk abin da ke cikinta nauyinsa yana ninkuwa kusan sau 20. Yaro mai kilo 12 ya koma kilo 240, buhun masara biyu da ɗori, a hannun macen da ba ta ma san bugun na zuwa ba. Kuma wa ke tafiyar 50 tsakanin Yankara da Tsafe? Hukumar kiyaye haɗurran titi ta Amurka ta ƙiyasta cewa kujerar da aka ɗaura daidai tana rage mutuwar jarirai a ƙananan motoci da kashi 71 cikin 100, ta 'yan shekara 1 zuwa 4 da kashi 54. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 ta ce titi yana cin rai kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba. Tamu Hukumar Kiyaye Haɗurra, da aka kafa a 1988, ta daɗe tana shelar cewa yaron da bai kai 12 ba a baya yake zama, a ɗaure. Amma a shingen hanya bel ɗin direba kawai ake leƙawa, jaririn da ke cinya a gidan gaba sai dai a yi masa wasa a ce Allah ya raya.

A nan ma masu ƙi ba su rasa amsa ba, kuma amsoshinsu na titi sun fi na jirgi nauyi.

Ta farko ita ce mota. Kujerar yaro ba ta da amfani sai an ɗaure ta da bel ɗin motar. Je tashar Tsafe ka leƙa bayan Sharon ko Golf da ke lodin Funtuwa. Mutum huɗu ne a layin da aka yi don uku, biyu a gaba kusa da direba. Bel ɗin baya an tura shi ƙarƙashin kushin tun ranar da motar ta shigo ƙasar, makullinsa ya cika da ƙasa da ɓawon gyaɗa, wani ma an yanke shi an ɗaure but da shi. Ka tambaya, direba ya ce maka, "Yana nan, Alhaji, ba mu dai aiki da shi ne." Kujerar yaro a irin wannan mota tana cin wurin mutum ɗaya da rabi. Maganar gaskiya, wannan muhawara ta mai motar kansa ce ko mai halin ɗaukar shata. Sai dai wanda ya iya kai iyalinsa Umara yawanci yana cikin waɗannan, saboda haka uzurin tasha ba nasa ba ne.

Ta biyu ita ce wadda babu wani littafin Turawa da ya yi tunaninta. Uwa za ta ce maka, "In aka tare hanya fa? Kowa na gudu, ni ina tsaye ina kwance maɗauri?" Wanda ya san abin da hanyar Gusau zuwa Funtuwa ta gani a shekarun nan ba zai raina wannan magana ba. Mace mai ɗa a cinya tana buɗe ƙofa ta fita da shi a motsi ɗaya. Abin da zan ce biyu ne. Kujerun da aka ƙera bisa ƙa'idar Turai an shar'anta musu maɗaurin ya kwance da danna maɓalli ɗaya, don ceto cikin gaggawa. Na Amurka suna da ƙarin maƙalli a ƙirji, motsi biyu ke nan. Hannun da ya saba yana gamawa cikin daƙiƙa kaɗan, wanda bai saba ba kuwa firgici zai ruɗa shi, don haka sabo ne maganin. Na biyu, tsoron nan da kansa shi ke sa direba taka mota a wuraren da ake jin tsoro, ya ƙi rage gudu a rami, ya yi ribas ko juyawar gaggawa da ya hango abin da bai yarda da shi ba. Ranar da aka tare hanya ma, kafin a kai ga gudu da ƙafa, abin da ke fara faruwa birki ne mai ƙarfi da karo da kifewa. Ban ce wannan ya kashe hujjar uwar ba. Na ce dai tsoron nata yana da baki biyu.

Ta uku zafi ne. A watan Maris da Afrilu, da ma'aunin zafi ke haura 40, kujerar da aka bari a mota a rana ƙarfen makullinta yana iya ƙona cinyar yaro, soson kuma yana jiƙa bayansa da gumi. Wannan gyararre ne: a rufa mata farin zani in an fita, a taɓa ƙarfen da bayan hannu kafin a zaunar da shi, a tsaya a ba shi ruwa. Kada dai a shimfiɗa bargo mai kauri a ƙarƙashinsa, don yana sa maɗauri ya yi sako-sako.

Idan aka yarda cewa don titi za a saye ta, jirgi kuma ƙari ne, zaɓen ya zo da sauƙi, kuma ya bambanta da abin da mai shago zai nuna maka. Shi mai tsada zai jawo, mai faɗi, mai juyawa, mai ƙafa, irin wadda ake maƙalawa da ƙugiyoyin ISOFIX. Jirgin sama ba shi da waɗannan ƙugiyoyi, tsofaffin motocinmu da yawa ma haka. Wadda za ta yi maka aiki a wuri biyu ita ce wadda ake ɗaurewa da bel na ƙugu kaɗai. Juya ta ka duba gefe ko ƙasa. Ta Amurka tana da rubutu da jan tawada mai cewa an amince da ita a mota da jirgin sama. Ta Turai tana da tambari ruwan lemo mai harafin E a cikin da'ira, da lamba R44 ko R129, kuma wasu kamfanonin jirgi ba sa karɓarta sai da ƙarin shaidar cewa ta dace da jirgi. FAA ta ce wadda faɗinta bai wuce inci 16 ba, wajen santimita 41, za ta shiga yawancin kujerun jirgi. Akwai marasa nauyi da ba su kai kilo 5 ba, irin su Cosco Scenera Next, waɗanda saboda araha da rashin nauyi matafiya suka fi ɗauka. Ɗan matashin nan marar maɗauri da ake ɗora manyan yara a kai don su yi tsawo ba a yarda da shi a jirgi lokacin tashi da sauka ba, don yana buƙatar bel na kafaɗa.

Akwai wani maɗauri mai suna CARES da ake rataya shi a bayan kujerar jirgi, na yaro mai kilo 10 zuwa 20, yana shiga jakar hannu. Ga mazaunin Landan da jirgin ƙasa zai kai shi filin jirgi, dabara ce mai kyau. Ga mutumin Tsafe kuwa ya toshe ƙaramar ƙofa ne ya bar babbar a buɗe, don ba ya aiki a mota sam.

Ɗan ƙasa da shekara 2 baya ya kamata ya fuskanta a mota. Kansa ya fi ƙarfin wuyansa, in aka yi karo yana kallon gaba kan ne ke fizgar wuyan, in kuwa yana kallon baya kujerar ce ke tallafe kai da gadon baya gaba ɗaya. Wani farfesa a Suwidin, Bertil Aldman, shi ya ƙirƙiro wannan a 1964 bayan ya ga yadda ake kwantar da 'yan sama-jannati a kumbo. Kaka za ta ce ƙafarsa ta tanƙware. Yaron da ke wuni a goye ƙafa a ware bai damu da wannan ba.

Maganar gwanjo kuma sai an yi hattara, don yawancin kujerun da ke shigowa Kano da Gusau na hannu ne. Roba tana tsufa, zafi yana busar da ita, shi ya sa masu ƙerawa ke buga ranar ƙira a jiki, su ba ta wa'adin shekara 6 zuwa 10. Wadda aka taɓa yin haɗari da ita, a can ƙasashen waje jefar da ita ake yi, kuma ba ta da alama a ido. Wadda tambarinta ya goge, ko aka ɗinke maɗaurinta da zare, ko ka lanƙwasa gefenta ka ga robar ta yi fari, bar ta a wurin ko nawa aka rage maka. Ko lafiyarta ƙalau ma, in babu tambari ba za ta shiga jirgi ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A rubuta wa kamfanin jirgin tun ana yankan tikiti, a faɗi sunan kujerar da lambarta, a riƙe amsarsu a waya. A nemi wurin taga, don nan ake sa ta kada ta tare wa wani hanya, kuma ba a yarda da ita a layin ƙofar gaggawa ba. Ɗaurawar kanta a koye ta a gida: a zura bel ta ramin da aka yi masa, a danna gwiwa cikin kujerar, a ja har sai in an girgiza ta daga gindi ba ta motsa fiye da faɗin yatsa biyu ba. In yaro ya shiga, a ja maɗaurin har sai an kasa tsunkuno shi da yatsa a kan kafaɗa. Shi kuma yaron a fara ajiye masa ita a tsakar ɗaki ya hau ya sauka, a ba shi abinci a kai, a riƙa kai shi Gusau a ciki makonni kafin tafiya. Wannan ne kaɗai amsar maganar kaka, kuma in aka yi sa'a ita ce za ta fara cewa, "Ku sa shi cikin abin nashi, ya fi yin kwana."

Ga inda na tsaya. Mai motar kansa ko mai shata da zai kai ƙaramin yaro Kano ko Sakkwato, ya sayi kujerar, ko da ba zai taɓa shiga da ita jirgi ba. In yaron ya kai 2, tunda wurin zamansa biyayye ne, a shiga da ita, ta kuma yi aiki a tasin Jidda. In bai kai ba kuma kuɗin ƙarin tikiti zai taɓa abincin gida, a riƙe shi a cinya ba tare da jin an yi laifi ba, uwa ta bar bel ɗinta a ɗaure ko fitilar ɗaura bel ta mutu, a nannaɗe kujerar da kyau a ba da ita cikin kaya, don kamfanoni da yawa ba sa cajinta. Mai hali kuwa da zai iya sayen wurin ba tare da ya ji a jikinsa ba, ya saya, ko don bayan matarsa.

Saura mafi yawan mutanen Tsafe da Bungudu, waɗanda ba su da mota, ba su da shata, jirgi kuma sai dai su ji ƙararsa. Su ma suna hawa wannan titi da 'ya'yansu kullum. Abin da ke hannunsu kaɗan ne, amma akwai shi. Mai goyo ta ƙi gidan gaba ko kamasho ya ce nan ne ya rage, ta jira mota ta gaba. Ta sauke yaro daga baya kafin ta zauna, kada ya kasance tsakaninta da jikin kujera. In an yi dace motar tana da bel mai aiki, ta ɗaura wa kanta ita kaɗai ta rungume shi ta waje, kada ta zagaye su biyu da bel ɗaya, don in aka taka birki nauyinta gaba ɗaya a kan cikinsa zai sauka.